Tarkofski, Mai Dafa Fim a Kan Garwashi

Akwai abincin da ake ci a tsaye, akwai wanda sai an shimfiɗa tabarma. Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an miƙo maka faranti. To ƙafar saniya fa? Ita tun da la'asar ake ɗora ta, a ja itace baya, a bar ta a kan garwashi ta kwana tana ɓararraka a hankali har ƙashi ya saki, romo ya yi kauri yana kama leɓe. In ka ce sai ka iza mata wuta don kana sauri, ruwan zai ƙone, kai kuma ka tashi da abin da haƙori ba ya iya yi masa komai. Finafinan Andrei Tarkofski, mutumin Rasha, ƙafar saniya ce. Wanda ya zo musu da yunwar tasha zai tashi yana tsaki. Wanda ya zauna kuwa, ɗanɗanon zai bi shi shekara da shekaru.

Manyan finafinai bakwai kacal ya yi, a cikin shekara ashirin da 'yan kai. A Kano akwai furodusan da zai fitar da bakwai kafin damina ta zagayo, ba kuwa laifi ba ne, kowa da irin kasuwarsa. Amma waɗannan bakwai ɗin har yau su ake buɗewa a makarantun koyon fim na duniya a ce wa ɗalibai su zauna su duba.

An haife shi a 1932 a wani ƙauye, Zabrajiye, a bakin kogin Bolga. Mahaifinsa, Arseni Tarkofski, mawaƙi ne na alƙalami, mai fassara waƙoƙin wasu harsuna zuwa Rashanci. Ya bar gidan tun Andrei na ƙarami, daga baya ya tafi Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo babu ƙafa ɗaya. Uwar, Mariya, ita ta riƙe shi da ƙanwarsa Marina, tana aikin duba kurakurai a maɗaba'a. Duk wanda ya tashi a gidan da uwa ce uba ya san yadda irin wannan gida yake: tana tsaye a bakin ƙofa da yamma, idonta a hanya, ba ta ce tana jiran kowa ba. Wannan hoton bai taɓa barin Tarkofski ba, za mu sake cin karo da shi.

Da ya gama sakandare, Larabci ya fara karantawa a wata cibiyar nazarin ƙasashen Gabas a Mosko, bai dai kammala ba. Uwar ta ga yaro ya fara bin abokan da ba ta yarda da su ba, sai ta yi abin da iyayenmu mata kan yi in suka tura yaro wurin kawunsa a ƙauye ya sha noma hankalinsa ya dawo. Ita nata ƙauyen Saberiya ne. Ta sa shi cikin ayarin masu neman ma'adinai a 1953, ya yi ta taka dajin da babu kowa sai sauro da ruwa da itatuwa. Da ya dawo, a 1954, ya shiga babbar makarantar fim ta gwamnati a Mosko, a hannun wani malami, Mikhail Romm. Makarantar nan ita ce daga baya ta yaye Sulaiman Sise na Mali da Abdurrahman Sisako na Muritaniya.

Sai mu tsaya mu fahimci gonar da ya yi noma a cikinta, don in ba a gane ta ba, ba za a gane wahalarsa ba. A Tarayyar Sobiyet mai shirya fim ba ya yawon neman alhajin da zai zuba kuɗi. Gwamnati ce mai gona, ita ce mai iri, ita ce mai shanun huɗa, ita ke biyan 'yan ƙwadago. Kai dai ka yi noma. Abin sha'awa ko? Sai dai fa rumbun ma nata ne, makullinsa kuma yana aljihun wata hukuma da ake kira Goskino. Ka gama girbi ka ɗaure damma, sai a zo a zazzage, a ce wannan zangarniyar ba ta yi kama da ra'ayin jam'iyya mai mulki ba, cire ta. In ka ƙi, a kulle rumbu, hatsinka na ciki, kai kana waje, mutanen gari ba su san ma ka yi noma ba. Rabin rayuwar Tarkofski a bakin wannan rumbun ya ƙare, yana rubuta takardun koke.

Fim ɗinsa na farko ma tuwon da wani ya fara tuƙawa ne ya yi gudaji. Kamfanin Mosfilm ya ba wani darakta labarin wani yaro maraya mai yi wa sojoji leƙen asiri a bakin daga, aikin ya lalace, aka miƙa wa Tarkofski muciya da ragowar kuɗin. Ya zubar da na farkon ya sake ɗora sanwa. Abin da ya fito a 1962 shi ne Ƙuruciyar Iban, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na birnin Benis a Italiya, yana ɗan shekara talatin. Yawancin finafinan yaƙi na ƙasarsu a lokacin cike suke da jarumai da tutoci. Shi kuwa sai ya cusa mafarkan yaron a tsakani. A ɗaya daga ciki, yaron da uwarsa sun leƙa rijiya mai zurfi da rana tsaka suna hangen tauraro a ƙasan ruwa. Yaron ya tsinci kansa a can ƙasa yana miƙa hannu zai kama shi, sai ƙarar bindiga, guga ya sulluɓo, uwa tana kwance a bakin rijiya ruwa na watsuwa a bayanta. Ba a nuna maka wanda ya harba ba. Ba ka kuma bukata.

Na biyun, Andrei Rublef, shi ne ya jawo masa kullen rumbu. Andrei Rublef sunan wani malamin zuhudu ne na Kirista, mai zanen hotunan ibada a Rasha wajen shekara ɗari shida da suka wuce, zamanin da mayaƙan Tatar ke kai hari, sarakuna 'yan'uwan juna na cin amanar juna, yunwa da annoba na share ƙauyuka. An gama fim ɗin a 1966, ya haura awa uku. Hukuma ta ce akwai zubar da jini da yawa, akwai addini da yawa, kuma bai nuna mutanen Rasha cikin kwarjini ba. Fim ɗin ya samu ya fita zuwa bikin birnin Kan na Faransa a 1969 ya ci kyautar masu sharhi, amma 'yan ƙasarsa ba su gan shi a sinima ba sai ƙarshen 1971, bayan an rage masa tsawo.

A ƙarshen wannan fim akwai labarin da in shi kaɗai mutum ya kalla ya ci riba. Yarima na neman wanda zai zuba masa ƙatuwar ƙararrawar tagulla, masu sana'ar kuwa annoba ta kwashe su. Sai wani yaro matashi, Boriska, ɗan maƙerin da ya mutu, ya ce ai babansa ya bar masa sirrin kafin ya cika. Aka ɗauke shi. Ka san yadda mai ginin tukwane take: ta zaɓi yumɓu, ta cuɗa, ta gina, ta shanya, ta jera a rami ta rufe da kara da kashin shanu ta sa wuta, daga nan kuma babu sauran abin da hannunta zai iya. Sai wuta ta mutu, toka ta huce, ta ɗauko tukunya ta ƙwanƙwasa da yatsa. In ta yi ƙara tangaran, an dace. In ta yi ɓus, wahalar mako guda ta tafi. To ka ɗauki wannan zullumin ka ninka shi, ka ce tukunyar ta kai ɗaki girma, dattawa masu furfura suna aiki a ƙarƙashin yaron da bai fara gemu ba, in kuma ba ta yi ƙara ba kansa za a sare. Tarkofski bai tsallake ko mataki ɗaya ba. Muna tare da yaron yana ƙin yumɓun da aka kawo masa, har santsi ya kwashe shi cikin ruwan sama ya gangara wani kwari, hannunsa ya dafa irin wanda yake nema. Muna nan ana haƙa rami, ana hura wuta, ana fasa ƙasar da aka lulluɓe ƙararrawar da ita. Ranar gwaji gari ya taru, ana kaɗa harshen ƙarfen, yana lilo, yana matsowa, bai taɓa ba, yana matsowa. Kai da ke kallo sai ka ji ka daina numfashi. Da ta yi ƙara, yaron ya zube a taɓo yana kuka, ya faɗa wa Rublef cewa uban bai taɓa gaya masa komai ba, da sirrinsa aka binne shi. Rublef da ya yi shekaru ya ɗaure bakinsa ba ya magana, ya kuma ajiye zane, a nan ya buɗe baki ya rarrashe shi. Ni a ganina babu inda Tarkofski ya faɗi abin da ya ɗauki sana'arsa kamar nan.

Me ya sa yake jan abu haka? Ya yi bayani a littafin da ya rubuta kan sana'ar fim. A wurinsa kayan aikin mai fim lokaci ne, kamar yadda kayan aikin masassaƙi gungumen ƙirya ne. Masassaƙi ba ya ƙara wa gungume komai. Gizago yake sawa yana rage abin da ba turmi ba, har turmi ya fito. Haka mai fim zai sami gungumen lokaci, ya sassaƙe abin da ba a so, ya bar sauran a dunƙule. Yawancin finafinan da muke kallo aikin mai tsire ne: a yanka ƙanana, a barbaɗa yaji, wannan hoto daƙiƙa biyu, wancan uku, kafin ka tauna ɗaya an tura maka wani. Tarkofski kuwa sai ya kafa kyamara ya bar ta tana tafiya minti biyu, minti huɗu, ba yanka. Da farko za ka ji gundura, gaskiya ce. In ka daure, sai idonka ya gaji da jiran abin da zai faru ya fara ganin abin da ke nan: iska na kwantar da ciyawa, ruwa na ɗiga daga rufi, kare ya zo ya kwanta. Kamar wanda ya shiga ɗaki daga rana ne, sai ya ɗan tsaya kafin ya ga kayan da ke ciki.

Bayan wahalar Rublef ya ɗauki labarin da hukuma ba za ta ji tsoro ba, na tafiya sararin samaniya, daga littafin wani marubucin Folan, Stanislaf Lem. Solaris ke nan, na 1972. Masana suna zaune a tasha a saman wata duniya da teku ya rufe ta ruf, tekun kuma kamar yana da hankali. Ka taɓa ganin ranar da ake yasar rijiya? Mai yasa na ƙasa, ana jawo laka, sai ga tsohon guga, ga moɗar da ta ɓata shekara biyar aka yi ta zargin 'yar aiki, ga takalmin yaro. Babu abin da rijiya ta ƙirƙira, abin da 'yan gida suka jefa ne take maido musu. Haka tekun nan yake yi da zuciyar mutum. Likitan ƙwaƙwalwar da aka tura ya duba lafiyar masanan ya farka ya tarar da matarsa zaune a ɗakinsa, matar da ta kashe kanta shekara goma da suka wuce bayan sun yi faɗa. Lem bai ji daɗin fim ɗin ba, don shi ilimi da iyakarsa ya rubuta a kai, Tarkofski kuwa ya mayar da shi zancen nadama. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a Kan.

Madubi, na 1975, shi ne wanda ya fi rikita mutane, shi ne kuma ya fi kusa da ransa. Ba shi da farko da tsakiya da ƙarshe. Adudun tsohuwa ne. In kaka ta buɗe adudunta ba bisa tsarin shekara take fito da kaya ba: ga zanen aurenta, ga hular jikan da aka haifa bara, ga tasbahar mijinta, kowanne da labarinsa, ƙanshin turare ɗaya ya game su duka. Haka mutumin da ke kwance ba lafiya a fim ɗin yake tuno rayuwarsa. Ga matar nan da na ce za mu sake gani, zaune a kan shinge tana kallon hanya. Ga rumbun ciyawa na ci da wuta ana ruwan sama. Ga ta tana gudu zuwa maɗaba'a cikin firgici don tana zaton ta bar kuskure a wani littafi, a zamanin mulkin Stalin da kuskuren harafi ɗaya kan iya kai mutum kurkuku. Tarkofski ya sa an sake gina gidan ƙuruciyarsu a kan tsohon tushensa bisa tsofaffin hotuna. Ya tuna wani hatsi mai farin fure da ake shukawa a gaban gidan, manoman wurin suka ce ƙasar ta daina karɓarsa, ya sa aka shuka, ya kuwa yi fure. Muryar mahaifinsa ce ke karanta waƙoƙinsa, mahaifiyarsa ta gaske ce ta fito a matsayin tsohuwar. Hukuma ta ce ba wanda zai gane, ta buga kwafi kaɗan. Sai ga wasiƙu daga ma'aikatan masana'antu da matan aure, suna cewa ƙuruciyarsu ce ya nuna, yaya aka yi ya sani.

Stalker, na 1979, labarin madugu ne. Akwai wani yanki da sojoji suka kewaye da waya, an ce a tsakiyarsa akwai ɗakin da ke biya wa mutum bukatarsa. Madugun ya ɗauki marubuci da masanin kimiyya zai kai su. Ɗakin ga shi nan ana hangensa, amma ba a miƙewa. Sai ya ɗaura ƙyalle a jikin noti ya jefa, a bi inda ya faɗi, a sake jefawa, kamar yadda mai tsallake kogi da damina yake dogara sanda kafin ya ɗaga ƙafa. Tarkon kuwa shi ne, ɗakin ba abin da bakinka ya roƙa yake bayarwa ba, abin da ke can ƙasan zuciyarka ne. An ba su labarin wani tsohon madugu da ya shiga don a dawo masa da ɗan'uwansa da ya mutu, ya koma gida ya tarar ya yi kuɗi, ya gane abin da ransa ke so ke nan tun asali, ya rataye kansa. Da mutanen uku suka isa bakin ƙofa, babu wanda ya shiga.

Aikin fim ɗin kansa ya fi labarin wuya. Sun yi watanni suna ɗauka a Estoniya, kusa da Talin, aka kai wankin fim ya lalace. Ka yi noma, ka yi girbi, gobara ta cinye. Ya rabu da mai ɗaukar hotonsa cikin rigima, ya sake lale. Wurin da suka yi aikin tsohuwar tashar lantarki ce a bakin wani kogi da masana'anta ke zuba wa guba, wasu daga cikin ma'aikatan suna ganin can ne ya kwaso ajalinsa, don shi da matarsa Larisa da babban ɗan wasansa Anatoli Solonitsin duk ciwon daji ne ya kashe su.

Ba waliyyi ba ne, kada a ɗauka haka. Mutum ne mai wuyar sha'ani, mai ganin nasa ne kawai daidai. Mutanen finafinansa wani lokaci sukan tsaya su yi ta zuba falsafa har romon ya so ya yi gishiri. Matan da ke ciki kuma kusan kullum uwa ce ko mai jira, da wuya ka ga wadda ke da tata tafiyar. Amma a ƙasar da gwamnati ta ce babu Allah, shi ya yi ta yin fim a kan imani da zunubi da addu'a da kuɗin gwamnatin, a cikin manyan finafinansa kuwa bai taɓa sunkuyar da kai ya yi musu na farfaganda ko ɗaya ba. Addininmu da nasa ba ɗaya ba ne, amma mai salla zai gane mutumin da ya ɗauki lahira da gaske.

A 1982 ya tafi Italiya ya yi Nostaljiya, kan wani marubucin Rasha da kewar gida ke ci. Ƙarshensa shi ne abin da ake yawan ba da labari. Mutumin ya yi wa wani da ake kira mahaukaci alkawarin zai ɗauki kyandir a kunne ya ratsa wani tsohon kududdufin wanka da aka janye wa ruwa, daga wannan bango zuwa wancan. Duk wanda aka taɓa aika ɗebo wuta a maƙwabta da sanyin hunturu ya san wannan tafiyar. Garwashi biyu a kan fasasshen kasko, kana kare shi da tafin hannu, kana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai, iska na zagayowa ta bayan katanga. In ya mutu a hanya ba ka da ta cewa, komawa za ka yi. Sau biyu iska na kashe kyandir ɗin, sau biyu mutumin na komawa ya taɓa bango ya sake kunnawa, yana kare shi da gefen kwat ɗinsa, numfashinsa na sarƙewa don yana da ciwon zuciya. Wajen minti tara ke nan ba a yanka ba. A na uku ya kai, ya dasa shi, ya faɗi.

Shi ma bai koma gida ba. A watan Yulin 1984, a birnin Milan, ya tara 'yan jarida ya ce ya zauna ke nan. Hukuma ta riƙe ɗansa ƙarami a Mosko kamar jingina. Ya wuce Suwidin, tsibirin Gotland, ya yi na ƙarshe, Sadaukarwa, da ma'aikatan Ingmar Bergman, babban daraktan ƙasar da ke ganin babu kamar Tarkofski a sana'ar. Labarin wani dattijo ne da ya ji an fara yaƙin nukiliya, ya yi wa Ubangiji alkawarin in aka mayar da duniya yadda take jiya zai rabu da duk abin da ya mallaka. Gari ya waye lafiya, ya cika alkawari, ya cinna wa gidansa wuta. An gina gida na gaske don a ƙone shi a ɗauka a tashi ɗaya. Wuta ta kama, 'yan wasa na gudu, sai kyamara ta cije. Gida ya ƙone ƙurmus, babu hoto. Ya ce shi fa ba zai harhaɗa guntaye ba. Aka nemo kuɗi aka sake gina gidan, aka kafa kyamara biyu, aka sake ƙonawa.

Yana cikin haɗa fim ɗin aka gano ciwon daji a huhunsa. Sai a lokacin, a farkon 1986, aka bar ɗan ya fito, shi ne ma ya je Kan ya karɓo wa uban kyautarsa don ba ya iya tashi. Ya rasu a Faris ranar 29 ga Disamba 1986, yana da shekara 54, aka binne shi a maƙabartar Rashawa 'yan gudun hijira a wajen birnin. A 1990 gwamnatin Sobiyet ta ba shi Lambar Lenin.

Kamfanin Mosfilm ya ɗora biyar ɗin da ya yi a gida a YouTube kyauta, da fassara a rubuce a ƙasa. Wanda zai gwada, kada ya fara da Madubi, kada kuma ya kunna Rublef a tsakar gida da yara, akwai wuraren da ba na idonsu ba. Ya fara da Ƙuruciyar Iban, awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintoci. Ya tanadi data da caji, ya bari sai bayan isha'i gida ya yi shiru, ya kuma rabu da maɓallin nan na turawa gaba.